Agogunan lura da inji: Amfaninsu ga motocin yankin noman rani na Kura da Bunkure

Agogunan lura da inji wasu ƙananan na'urori ne da ake ɗaurawa a gaban direba domin su riƙa nuna masa halin da injin motarsa yake ciki, kamar zafin ruwa da matsin baƙin mai da kuma cajin batir.

Wasu motocin kan zo da su tun daga kamfani, wasu kuma sai mai mota ya saya daga baya, ya kai wa makaniki ko mai gyaran wayarin ya ɗaura masa. Direbobi da kanikawa a arewacin Najeriya kan kira irin wannan na'ura geji, ko kuma agogo.

A yankin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam a jihar Kano, batun ya wuce na ado. Mafi yawan motocin da ke jigilar amfanin gona tsofaffi ne, aikin da suke yi mai nauyi ne, kuma kayan da suke ɗauka ba sa jiran a gyara mota.

Yanayin aiki a yankin

Shirin noman rani na Kogin Kano ya samo asali ne a farkon shekarun 1970, zamanin mulkin Gwamna Audu Bako, lokacin da aka gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974.

An tsara kashin farko na shirin domin shayar da kimanin hekta 22,000, kuma hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce ke kula da shi. Ruwan yana gangarowa ne da kansa daga Tiga ta manyan hanyoyin ruwa, kafin ya rarrabu zuwa gonaki.

Wannan ruwa ne ya mayar da yankin cibiyar noman tumatir da albasa da alkama da masara da shinkafa, ya kuma sa garin Kura ya shahara wajen casar shinkafa da cinikinta.

Daga kasuwanni irin su Kwanar Gafan ake loda kwandunan tumatir zuwa kudancin ƙasar, ciki har da kasuwar Mile 12 da ke Legas, tafiyar kimanin kilomita 1,000.

Motocin da ke wannan aiki sun haɗa da a-kori-kura da J5 da Kanta da manyan motoci irin su DAF, baya ga taraktoci da injinan ban ruwa da na sussuka da ke aiki a cikin gonaki.

Abubuwa huɗu ne suka fi wahalar da inji a irin wannan wuri.

Na farko zafi, domin a watan Afrilu yanayin Kano kan haura digiri 40 a ma'aunin Selsiyos. Na biyu ƙura, musamman lokacin hunturu, haɗe da ƙaiƙayi da ɓuntun shinkafa, waɗanda ke toshe ramukan lagireto da matatar iska.

Na uku shi ne lodi fiye da kima da tafiyar hawainiya a kan hanyoyin gona, inda inji ke aiki da ƙarfi alhali iskar da ke ratsa lagireto kaɗan ce. Na huɗu kuma ruwan da ake zubawa a lagireto, wanda sau da yawa daga hanyar ruwa ake ɗibarsa, da laka da gishirin ƙasa a cikinsa.

Idan inji ya buga a hanya da lodin tumatir a bayansa, asarar ba ta tsayawa kan mai mota. Tana shafar manomi da dillali da ɗan kasuwar da ke jiran kaya. Tun bayan janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, kuɗin sayen inji da kayan gyaran da ake shigowa da su daga waje ya ƙaru ƙwarai.

Asalin agogunan

Tushen agogon auna matsi ya girmi mota kanta. A 1849 wani injiniya ɗan Faransa, Eugène Bourdon, ya yi rajistar wani lanƙwasasshen bututun ƙarfe da ke miƙewa idan matsi ya ƙaru a cikinsa, sai ya motsa allura. Har yau da wannan dabara agogunan mai marasa lantarki suke aiki.

Motocin farko ba su da ma'aunin zafi. A 1912 aka yi rajistar wata na'ura mai suna Boyce MotoMeter a Amurka, wadda ake ɗaurawa a kan murfin lagireto, direba yana hango ta daga mazauninsa. Tana cikin na'urorin lura da inji na farko da masu motoci suka riƙa saye da kansu.

Daga bisani agogunan suka koma cikin mota. To sai dai tun a shekarun 1930 kamfanin Hudson na Amurka ya fara maye gurbin wasunsu da fitilun gargaɗi, sauran kamfanoni kuma suka bi sahu, saboda fitila ta fi araha, ba ta kuma buƙatar direba ya san lissafi.

Abin da ya sa ake ƙara su

Matsalar fitila ita ce magana biyu kaɗai ta iya: lafiya, ko ba lafiya.

A motoci da yawa, fitilar baƙin mai ba ta kamawa sai matsin ya faɗi ƙasa da rabin bar ɗaya. Injin da ke gudu da lodi yana buƙatar ninkin wannan sau da dama, don haka kafin fitilar ta kama mai yiwuwa ɓarna ta riga ta fara.

Haka kuma a yawancin motocin zamani an tsara allurar zafi ta tsaya a tsakiya, ko da zafin ya ɗan hau ko ya ɗan sauka, domin kada hankalin direba ya tashi. Ba ta motsawa sai zafin ya yi nisa.

A tsofaffin motoci kuwa matsalar daban ce. Sau da yawa an sauya inji da wani na gwanjo, sensa ba ta dace da agogon motar ba, ko an yanke wayar, ko ƙwan fitilar ya mutu ba a sauya ba. Direba na tuƙi ne kawai da kunne da hanci.

Agogo mai lambobi yana nuna yadda abu ke sauyawa sannu a hankali, kuma a nan ne amfaninsa yake. Direban da ya san inda allurarsa ta saba tsayawa zai lura ranar da ta gota.

Agogon zafin ruwa

Wannan shi ne na farko da ya kamata a fara da shi.

Yawancin injuna an ƙera su ne su yi aiki a tsakanin digiri 80 zuwa kusan 100. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100, ko ƙasa da haka kaɗan a wuri mai tudu kamar Kano. Amma murfin lagireto yana riƙe matsin kimanin bar ɗaya, abin da ke ɗaga matakin tafasar zuwa wajen digiri 120.

Ke nan murfin da robarsa ta mutu kaɗai ya isa ya sa mota ta riƙa tafasa, alhali sauran kayan inji lafiyarsu ƙalau.

Yadda allurar ke motsi kan nuna inda cutar take. Idan zafi na hawa a cunkoso ko a hanyar gona, ya sauka idan an hau kwalta, galibi laifin fanka ne ko ƙurar da ta toshe fuskar lagireto. Idan kuwa yana hawa ne lokacin gudu ko hawan tudu da lodi, an fi zargin toshewar bututun cikin lagireto, ko raunin famfon ruwa.

Idan zafi ya wuce iyaka, tof silinda, wato murfin saman inji, kan lanƙwashe, musamman na alminiyom, gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai.

Akwai wani tarko da ya kamata a sani. Sensa tana auna zafin ruwan da ya taɓa ta ne. Idan tiyo ya fashe ruwa ya tsiyaye gaba ɗaya, sai ta zauna a cikin iska, allura ta tsaya ko ma ta sauka, alhali inji yana ƙonewa.

Saboda haka ne wasu ke ƙara sensar da ake ɗaurewa da noti a jikin ƙarfen tof silinda, wadda ke auna zafin ƙarfen kansa, ko kuma wata da ke yin ƙara idan ruwa ya ragu a lagireto.

Agogon kan kuma tona wata al'ada da ta yaɗu a garejin Najeriya, ta cire tamostat daga motocin da aka shigo da su, bisa tunanin cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi.

Aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har ya ɗumama, sannan ya buɗe masa hanya zuwa lagireto. Idan aka cire shi, inji kan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, musamman da asubar hunturu, sai ya ƙara shan mai, ringi da fistin su ƙara saurin cinyewa. A wasu injunan ma, cire shi yana barin wata gajeriyar hanya a buɗe, ruwa ya riƙa zagaye ba tare da ya bi ta lagireto ba, zafin da ake gudu ya ƙaru.

Allurar da ba ta wuce digiri 60 bayan doguwar tafiya alama ce ta matsala, kamar yadda wadda ta haura 105 take.

Agogon matsin baƙin mai

Baƙin mai ba jiƙa ƙarfe kaɗai yake yi ba. Famfo yana tura shi da ƙarfi zuwa tsakanin kiranshaf da metal ɗin da yake juyawa a kai, ya zama wani siririn shimfiɗi da ke hana ƙarfe gogar ƙarfe. Idan matsin ya faɗi, shimfiɗin ya yanke, cikin ɗan lokaci kaɗan inji ya buga.

Ana auna matsin da bar ko kuma da psi, kuma bar ɗaya ya yi daidai da psi 14.5.

A yawancin injuna, idan sun ɗumama suna tafiya, allurar kan tsaya tsakanin bar 2 zuwa 4, ta sauka zuwa wajen bar ɗaya idan mota na tsaye inji na aiki a hankali. Da safe kuwa takan hau sama, saboda mai yana da kauri idan ya yi sanyi. Kowane inji yana da nasa adadin a littafin kamfanin da ya ƙera shi, kuma shi ne abin dogaro.

Matsin da ke raguwa kaɗan-kaɗan cikin watanni yana nuna metal ko famfo sun fara cinyewa. Wanda ke faɗuwa a kwana ko lokacin taka burki, ya dawo daga baya, yana nuna man ya yi ƙasa a cikin tukunyarsa. Wanda ya yi kyau da safe ya zube da rana kuwa, ko dai man ya tsinke saboda zafi, ko fetur ko gas yana zuba a cikinsa, ko kuma tun asali man ba mai kyau ba ne.

Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a inda ake sayar da baƙin mai a buɗe, a kwalabe da galan marasa hatimi. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, SON, ta sha yin gargaɗi game da jabun man inji a kasuwannin ƙasar.

Ƙa'idar da kanikawa suka yi ittifaƙi a kanta ita ce, idan allurar mai ta faɗi ƙasa baki ɗaya ana cikin tafiya, a kauce gefen hanya a kashe inji nan take. Ba a cewa bari a ƙarasa gari na gaba.

Agogon caji

Batir mai bolt 12 da ya cika yana nuna kusan 12.6 idan inji a kashe yake. Idan an tayar, altaneta kan ɗaga shi zuwa tsakanin 13.8 da 14.4. A manyan motoci masu batir biyu, wato bolt 24, sai a ninka waɗannan lambobi.

Adadin da ya gaza 13 lokacin tafiya yana nufin batir ba ya samun caji. Wanda ya haura 15 kuma yana nufin cajin ya yi yawa, zai dafa ruwan batir ya ƙona ƙwayayen fitilu.

Wannan agogo yana da wani amfani na daban. A tsofaffin injuna da dama, fanbel ɗaya ne ke juya altaneta da famfon ruwa da fanka. Idan ya tsinke, allurar caji ce ke fara faɗuwa, tun kafin zafi ya hau. Direban da ya gane wannan zai tsaya da injinsa lafiya.

Zafin hayaƙi da numfashin inji

Ga motoci masu amfani da man gas, musamman masu turbo, akwai agogon da ke auna zafin hayaƙin da ke fitowa daga inji. Ana huda bututun hayaƙi a kusa da inji a saka wani siririn ƙarfe mai jure wuta.

Bambancinsa da agogon ruwa shi ne sauri. Ruwa yana ɗaukar mintuna kafin ya nuna sauyi, hayaƙi kuwa cikin daƙiƙoƙi.

Zafin hayaƙi yana hawa ne idan man da ke shiga inji ya fi ƙarfin iskar da za ta ƙona shi. Hakan na faruwa idan aka danne totur a babbar giya da lodi a kan tudu, ko matatar iska ta toshe, ko nozul ya lalace, ko kuma an buɗe famfon gas fiye da kima domin ƙarin ƙarfi. Baƙin hayaƙi mai kauri shi ne alamar da ido ke gani.

Galibi ana ɗaukar digiri 650 zuwa 700 a matsayin iyakar da bai kamata a daɗe a kanta ba, idan an auna kafin turbo. Idan bayan turbo aka saka ƙarfen, adadin zai ragu da digiri 100 ko fiye, don haka dole a san inda aka saka shi kafin a fassara abin da allura ta nuna.

Maganin hawan zafin a hannun direba yake: ya sassauta totur, ya sauko ƙaramar giya. Haka kuma agogon yana nuna lokacin da turbo ya huce bayan doguwar tafiya, domin kashe inji da zafinsa yana ƙona man da ya rage a cikin turbo.

Akwai kuma wata ƙaramar na'ura mai araha da ake ɗaurawa a bututun iska, wadda ke nuna ja idan matatar iska ta toshe. A lokacin hunturu da kakar sussuka, tana hana abu biyu: barin matata ta toshe, da kuma yawan buɗe ta ana kakkaɓewa ba gaira ba dalili, wanda shi ma kan bar ƙura ta shiga inji.

Tarakta da injin ban ruwa

Tarakta ba a auna aikinta da kilomita, sai da sa'o'i. Kamfanoni kan tsara juyen baƙin mai bayan sa'o'i 200 zuwa 500, gwargwadon irin injin da irin man.

Idan agogon sa'o'i ya mutu, lissafin juye ya koma hasashe. Ga ƙungiyoyin manoma da masu ba da hayar tarakta, sabon agogon sa'o'i yana kuma rage gardama tsakanin mai tarakta da direbansa kan yawan aikin da aka yi.

Tarakta ta fi mota fuskantar haɗarin zafi, domin tana aiki da cikakken ƙarfi a wuri guda, cikin ƙura da ciyawa, kuma hankalin direba yana kan garmar da ke bayansa. Shi ya sa agogo mai ƙararrawa ya fi dacewa da ita.

Ƙananan injinan ban ruwa masu amfani da fetur iska ce ke sanyaya su, don haka ba su da ruwan da za a auna. Sai dai da yawansu, kamar samfurin GX na Honda, suna da sensar da ke kashe inji idan baƙin mai ya yi ƙasa.

Wasu kan cire wayar wannan sensa idan inji ya ƙi tashi, alhali sau da yawa ko dai man ne ya ragu, ko kuma an ajiye injin a karkace a bakin ruwa. Cire wayar tamkar kashe mai gadi ne don ya hana barci.

Irin waɗannan injina ana iya saka musu ƙaramin agogon sa'o'i da ake naɗa wayarsa a jikin wayar fulogi. Honda ta tsara juyen farko bayan sa'o'i 20, sannan bayan kowane sa'o'i 100.

Motoci masu kwamfuta

Tun daga 1996 dokar Amurka ta wajabta wa ƙananan motocin da ake sayarwa a ƙasar tsarin bincike da ake kira OBD-II. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, sannan a 2004 ga na gas.

Da yake yawancin motocin gwanjo da ke shigowa Najeriya daga waɗannan ƙasashe suke, da yawansu suna da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari.

Ta wannan kafa ana iya jona wata 'yar na'ura da ke aika bayanai zuwa wayar salula ko ƙaramin allo. Tana nuna ainihin zafin ruwa a lambobi, da saurin juyawar inji, da caji, da kuma dalilin da ya sa fitilar gargaɗi ta kama, ba tare da an huda ko an yanke komai ba.

To amma tana nuna abin da kwamfutar motar ta sani ne kawai. Motoci da yawa ba su da sensar auna matsin mai, sai makunnin fitila, don haka wannan sai an ɗaura agogo na daban. Manyan motoci kuma suna da nasu tsarin, kuma na'urar da aka yi don bolt 12 tana iya ƙonewa idan aka jona ta a motar bolt 24.

Abin lura wajen saye da ɗaurawa

Agogunan iri biyu ne. Akwai marasa lantarki, waɗanda ake jawo musu siririn bututu daga inji har cikin mota. Suna da juriya, kuma na zafi yana ci gaba da aiki ko an kashe inji. Aibinsu shi ne bututun mai yana shigo da mai mai zafi kusa da ƙafar direba, kuma idan ya fashe inji zai zubar da mansa. Bututun na zafi kuwa idan ya karye ba ya gyaruwa.

Akwai kuma masu lantarki, inda sensa ke zaune a jikin inji, waya kaɗai ke shigowa. Su ne suka fi yawa a kasuwa, kuma yawancinsu faɗin fuskarsu milimita 52 ne.

A Kano ana samun ire-irensu a kasuwannin kayan gyara kamar Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, sababbi da na gwanjo.

Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa agogon wani kamfani da sensar wani. Tsarin Turai da na Amurka sun saba wa juna, har ta kai idan aka gauraya su allura kan yi tafiyar baya. Agogo da sensarsa tare ake sayensu.

Haka ma zaren noti. Injunan Japan da na Turai da na Amurka kowanne da irin zarensa, kuma suna kama da juna a ido. Tilasta wanda bai dace ba yana cinye zaren jikin inji, ya bar yoyo.

Sensar zafi a kusa da mafitar ruwa daga tof silinda ake saka ta, kafin tamostat. Wadda aka saka a tiyon ƙasa ruwan da ya riga ya huce take aunawa.

Wajen ɗaura sensar mai, ba a cire makunnin fitilar kamfani. Ana saka mahaɗi mai baki biyu ne domin duka su yi aiki. Idan sensar mai nauyi ce, gara a ɗaure ta a gefe a jawo mata gajeren tiyo mai ƙarfi, saboda girgizar injin gas tana iya karya mahaɗin.

Wutar agogo daga layin da makulli ke kunnawa ake ɗaukarta, a kuma saka fiyus. Sensa mai waya ɗaya ta jikin inji take samun hanyar komawar wuta, don haka naɗe zarenta da farin tef mai yawa kan sa ta yi ƙarya. Duk waya ko bututun da zai ratsa ƙarfe sai an saka masa roba, a kuma nisanta shi da salansa.

Kafin a ɗaura, ana iya gwada agogon zafi a gida: a tsoma bakin sensar a ruwan da ke tafasa, allura ta tsaya dab da 100. Wanda ya kauce da yawa a mayar wa mai shi, domin agogon da ke ƙarya ya fi rashin agogo haɗari.

Iyakar amfaninsu

Agogo ba ya gyara inji. Ba ya maye gurbin duba ruwa da baƙin mai kowace safiya, da wanke fuskar lagireto, da zuba tsaftataccen ruwa haɗe da maganin hana tsatsa.

Cika gaban mota da agoguna ma yana da nasa haɗarin, domin idon direba a kan hanya ya kamata ya zauna. Ga yawancin motocin jigilar amfanin gona, uku sun wadatar: zafin ruwa, matsin mai da caji, tare da ƙararrawa. Na hayaƙi kuma ga masu turbo da ke ɗaukar kaya masu nauyi.

Wajibi ne kuma direba da yaron mota su san abin yi idan allura ta motsa. Idan zafi ya hau amma ruwa na nan kuma fanka na juyawa, a tsaya a bar inji ya yi aiki a hankali har ya sauka. Idan ruwa na zuba ko fanbel ya tsinke, a kashe. Ba a buɗe murfin lagireto da zafinsa, domin tururin yana ƙona fuska da hannu, ba a kuma kwara ruwan sanyi a kan injin da ya yi zafi, saboda ƙarfen kan tsage.

A harkar da sau da yawa mai mota yana Kura motarsa tana hanyar Legas, amfanin agogon ya rataya ne ga fahimtar da ke tsakaninsa da direbansa. Direban da ya san za a tuhume shi kan jinkiri fiye da yadda za a yaba masa kan ceton inji, zai ga allura ta hau ya ci gaba da tafiya.